Baƙin da Bodil Ta Zaunar a Teburina

Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa jirgin 'yan yawon buɗe ido a hanyoyin ruwan Copenhagen, kuma babu tambayar da kunnena ya fi sha kamar wannan: "Direba, ina 'yan gari ke cin abinci?" Ni kuwa sai in nuna musu jerin gidajen nan masu fenti kala-kala na bakin ruwa, inda ake sayar musu da kofin giya ɗaya a kuɗin uku, in ce su nufi can. Ƙarya nake yi, kuma ko sau ɗaya ban ji kunyarta ba. Inda muke cin namu abincin yana wani lungu bayan coci a unguwarmu ta Christianshavn, sai ka sauka matakala shida daga titi. Yana da suna a jikin allo, amma mu Rami muke ce masa. Ban taɓa nuna wa baƙo ko ɗaya ƙofarsa ba.

Teburi tara ne a Rami. Mai wurin sunansa Mogens, shi ke zuba giya yana karɓar gaisuwa, amma kowa ya san mulki yana hannun Bodil, matar da ke kicin. 'Yar masunci ce daga gaɓar yamma. Tana shekara goma sha shida ta shigo birni da akwati ɗaya, ta yi shekara uku tana koyon haɗa smørrebrød, wato yankan baƙin burodi da ake shafa wa man shanu a ɗora masa kifi ko nama ko ƙwai. Wanda bai sani ba zai ce mene ne abin koyo har shekara uku a nan. Kada ya faɗa a gabanta dai. Matan da suka ƙware a wannan sana'a, Budurwa ake kiransu har su tsufa, saboda haka Bodil, da ta yi aure biyu, ta binne miji ɗaya ta kori ɗaya, take da jikoki uku, mu Budurwa muke ce mata, tana amsawa.

Gajera ce, mai kauri, da hannuwa jajur saboda ruwan sanyi da gishiri. Ba ta da fara'a, ba ta kuma neman a so ta. Dokokinta ba su da yawa, amma ba a taka su. Man shanu sai ya kai bakin burodi ta kowane gefe, don kada ruwan kifi ya jiƙa shi. Da kifin da aka jiƙa a ruwan tsami ake farawa, sannan a sauya faranti da wuƙa, sai nama, cuku kuma shi ne na ƙarshe. Ba a ɗauka da hannu. Na taɓa ganin wani lauya mai kwat ya nemi cuku da farko. Ta leƙo ta tagar kicin ta dube shi, ta aiko masa da kifi. Ya ce ba shi ya nema ba. Ta ce, "Na sani. Ci." Ya kuwa ci.

Mu uku ne a teburin 'yan gida duk ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu: ni, da Preben da ya yi ritaya daga raba wasiƙu, da Aksel tsohon direban bas. Hirarmu ba ta wuce ƙwallo da ciwon gwiwa da zagin 'yan majalisar birni. Matata Gerda ita ke tura ni da kanta. Cewa take, in na tafi, gidan yana samun iska.

Gerda ta rasu a watan Nuwamba, shekara biyu da ajiye aikina. Aka yi jana'iza, aka sha kofi a zauren coci, kowa ya riƙe hannuna ya ce in ina buƙatar wani abu in buga waya. Daga nan sai shiru. Ba wai ba sa ƙaunata ba ne. Haka muke. Ba a zuwa gidan mutum sai an sa rana, ba a kuma tsare mai makoki da tambaya. A ba shi sarari, in ji mu, zai fito in ya shirya. Wata rana na hango Preben ya tsallaka titi da ya gan ni, kuma na san dalilinsa: ba ya so ya tilasta mini magana. Har na gode masa a raina. Ni ma abin da na yi wa Aksel ke nan lokacin da ɗansa ya rasu, ina ganin na yi ladabi.

Sarari kuwa na same shi har ya yi mini yawa. Ban iya zama a teburin kicin ina kallon kujerarta ba, sai na daina zama. Da na daina zama, sai na daina ci. Kofi da ɗan biskit, a tsaye, a bakin taga. 'Yata da ke aure a Norway tana buga waya duk Lahadi, in ce mata yanzun nan na ture faranti. Zuwa watan Fabrairu na zubar da kilo goma sha huɗu, na huda wa ɗamarata sababbin ramuka biyu. Likita ya ɗora ni a sikeli, ya cire tabarau, ya ce mini a fili, in na ci gaba a haka, ƙaramar mura ma za ta iya tafiya da ni kafin bazara. Na ce masa na ji. Gaskiyar magana, ban damu ba, kuma rashin damuwar ne ya fi ba shi tsoro.

Don in samu abin faɗa wa 'yata na koma Rami. Preben da Aksel suka miƙe suka gaishe ni, muka zauna, sai hira ta ƙi. Duk wanda ya buɗe baki zai yi wasa sai ya dube ni ya haɗiye. Na ga ina ɓata musu rana, na ɗauki kofina na koma ƙaramin teburin da ke ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin tagar da ake ganin ƙafafun masu wucewa. Ba wanda ya hana ni. Na nemi yanka ɗaya, na tsakuri gefensa, na mayar. Bodil ta fito da kanta ta ɗauki farantin, abin da ba aikinta ba ne. Ta dubi abincin, ta dube ni, ta koma kicin. Haka muka yi Alhamis uku.

A ta huɗu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai ga wasu mata biyu sun sauko matakala da lema ɗaya da ta karye, da taswira jiƙaƙƙiya a hannu. Daga gani ɓata suka yi, ruwa ya koro su. 'Yan Portugal ne, ya da ƙanwa, dukansu sun haura hamsin, sun zo hutun kwana uku. Mogens ya fara haɗa fuskar nan tasa ta "wuri ya cika", sai Bodil ta fito tana goge hannu, ta ja su ta tsakiyar ɗaki har gabana.

Ta ce, "Torkil, matsa."

Na ɗaga kai. A garin nan ko a bas mutum ba ya zama kusa da kai in akwai wata kujera, balle teburin cin abinci. Na ce, "Budurwa, ga tebur can babu kowa."

"An kama."

"Wa ya kama?"

"Kai ne mai wurin? Ɗauke hularka daga kujera."

Na ɗauke. Matan suka zauna suna ta godiya, ni kuwa na juya fuska ga bango, raina in ya yi dubu ya ɓaci. Na ƙudurta ba zan ce musu ko sannu ba.

Suka yi ta nuna sunayen abinci a takarda da yatsa, ba tare da sun san abin da suke nema ba. Abin mamaki, Bodil da ke gyara wa lauyoyi zama ta kawo musu duk abin da suka nuna a lokaci guda, kifi da cuku da naman shanu, ta jera ta tafi. A lokacin ban gane tarko ba ne. Babbar ta sa hannu ta ɗauki yankan kifi kamar mai cin burodin tasha, albasa ta zubo mata a riga. Na daure. Ƙaramar ta yanki cuku da wuƙar da ta taɓa kifi, ta ɗora a faranti ɗaya da ruwan tsamin. Na ƙara daurewa. Da na ga za ta haɗa kifin da cukun a loma ɗaya, sai bakina ya kufce mini, da Turancin nan nawa na cikin jirgi.

Na ce, "Baiwar Allah, don girman iyayenki ajiye wannan. Ba haka ake yi ba."

Suka ajiye, suka zuba mini ido kamar 'yan makaranta. Na ture cukun gefe, na jera musu abincin daki-daki, na fara bayani. Kafin in kai ƙarshe, sai ga faranti ya sauka a gabana, da yankan kifi da albasa da ƙwai. Ban nema ba.

Bodil ta ce, "Tunda bakinka ya buɗe, nuna musu. Surutu ba ya koyar da riƙon wuƙa."

Na yanka na ci don su gani. Suka ce ba su gane yadda na riƙe cokali mai yatsu ba, na sake. Mogens ya kawo 'yan kofunan barasar da ake kora kifi da ita, suka ɗaga za su kurɓa, na tsayar da su. Na ce a nan sai ka dubi idon wanda kuke sha tare, ka sha, ka sake duban idonsa, sannan ka ajiye kofi. Na gwada musu. A nan ne na lura rabona da duban idon wani mahaluƙi tun ranar jana'iza.

Babbar, wadda ake kira Amélia, ta ga zobe a yatsana. Ta ce, "Ina matarka? Ka baro ta a gida kana nan kana cin daɗi?"

Na ga Preben ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Na ce ta rasu a Nuwamba. Ɗan garinmu da ya ce "yi haƙuri" ya koma maganar ruwan sama. Ita kuwa sai ta ajiye wuƙa, ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce, "Me sunanta? Wace irin mace ce? Tana da faɗa?"

Wata huɗu ba wanda ya ambaci sunan Gerda a gabana. Na ce tana da faɗa mana, ai ita ce faɗa. Na ba su labarin yadda muka haɗu, ranar da ta shiga jirgina da 'yan ajinta, na ce kowa ya sunkuya za mu wuce ƙarƙashin gada, ita ta ƙi, gadar ta kwashe mata hula, ta ce sai na biya. Na ba su labarin yadda take ɓoye mini sigari a cikin tukunyar fure. Ina magana hawaye na zuba, a cikin Rami, da rana tsaka, a gaban Aksel da kowa. Matan ma suka taya ni, ƙaramar har da fyace hanci. Faranti yana tafiya wani yana zuwa, ban ma san lokacin da muka kai kan cuku ba.

Da suka tafi sai kunya ta rufe ni, kunyar kuma ta koma fushi. Na je na tsaya a ƙofar kicin.

Na ce, "Kin ci mutuncina yau. Kin mayar da ni abin kallo."

Ko juyowa ba ta yi ba, tana yanka albasa. Ta ce, "Yanka uku ka ci, da rabin na ƙaramar."

"Ba maganar da nake ba ke nan."

"Ni ita nake. Ranar Alhamis ka aske wannan gemun kafin ka zo, ka yi kama da wanda aka tsamo daga ruwa."

Na rantse ba zan sake taka Rami ba. Ranar Alhamis da sha biyu saura kwata ina kan matakala, da gemu a aske.

Daga ranar, duk baƙon da ƙafa ta kawo shi Rami ranar Alhamis, teburina ne masaukinsa. Yadda take samo su ma abin dariya ne: ashe ta ce wa mai sayar da tikitin jirgi, tsohon abokin aikina, in ya ga masu fuskar surutu ya kwatanta musu lungun. Sirrin da na yi shekara talatin da huɗu ina ɓoyewa, ta tona shi a mako biyu. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai wani Bajamushe da ya yi awa biyu yana mini bayanin sarƙar kekensa, har na gwammace kaɗaici. Akwai abokan wasanmu 'yan Sweden su huɗu da suka tsallako gadar da ta haɗa ƙasarsu da tamu, suka ce kifinsu ya fi namu, muka yi ta musu har Aksel ya kasa haƙuri ya jawo kujerarsa ya shigo faɗan. Akwai wani dattijo daga Koriya da 'yarsa, shi ma matarsa ta rasu. Ba mu da harshe ɗaya, 'yar tana fassara, daga baya ta gaji ta bar mu muna nuna wa juna hotuna. Wasu sun tambaye ni Gerda, wasu ba su tambaya ba. Amma kowa sai na koya masa cin abinci, kuma ba a koyarwa da faranti babu komai.

Wasu kan ce in raka su su ga gari. Da farko na ƙi, daga baya na fara kai su bakin gada, sannan hasumiyar cocinmu mai matakala a waje, har wata rana na tsinci kaina na taka da ƙafa zuwa wurin gunkin tagullar nan na 'yar ruwa da ke bakin teku, wanda mutane ke tasowa daga uwa duniya don su ce ashe ɗan ƙarami ne. Tafiya tana kawo yunwa. Na fara sayen burodi in kai gida.

Preben ne na ƙarshen dawowa. Wata Alhamis ya ɗauko kofinsa ya tsaya a kaina yana murza hula. Ya ce, "Direba, mu fa mun ɗauka so kake a ƙyale ka."

Na ce, "Ni ma haka na ɗauka, Ɗan aike. Zauna."

Iyakar abin da muka ce ke nan a kan maganar, kuma a wurinmu ya yi yawa ma. Zuwa watan Yuni likita ya sake ɗora ni a sikeli, ya ce kilo tara sun dawo, ya tambaye ni wane magani na samu. Na ce masa wata tsohuwa ce mai baƙin hali.

Duk wannan ban taɓa gode mata ba. Na sha shiryawa, in na zo sai ta tare ni da faɗa kan na bar man shanu a wuƙa, maganar ta bi iska. Shekara uku ana haka, har kakar bara da hannuwanta suka gaza, yatsun suka ƙi riƙe wuƙa, ta ce ta ajiye aiki. Ta hana a yi mata biki. Ranar ƙarshe, da aka rufe da ƙarfe huɗu na yamma, na jira kowa ya fita. Tana kankare katakon yanka, na tsaya a ƙofar kicin da jawabin da na kwana biyu ina haddacewa.

Na ce, "Bodil, akwai abin da na daɗe ina so in faɗa miki. Ba don ke ba..."

Ta ce, "Kada ka fara." Ta ci gaba da kankara. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ina da ƙanwa, Edel. Ba ka san ta ba, a gida ta zauna. Teku ya tafi da mijinta shekara ashirin da shida da suka wuce. Na je jana'iza, na dawo aiki. Na ɗauki waya ya fi sau goma in ajiye, in ce bari in ba ta sarari. Maƙwabta ma haka suka yi, mutanen kirki ne. Mako bakwai. Da suka ga labule ya kwana uku ba a buɗe ba suka shiga, suka tarar ta rasu. Ciwon huhu likita ya rubuta, amma ni na buɗe firjinta. Rabin man shanu ne a ciki, da kwalbar madara da ta lalace."

Ta ajiye abin kankarar, ta dubi hannuwanta.

"Ni da nake ciyar da mutum ɗari a rana, Torkil. Ƙanwata yunwa ce ta kashe ta, saboda ina da ladabi." Ta ja numfashi. "Kuma har yau ban iya tambayar mutum abin da ke ransa ba. Bakina ba ya yi. Shi ya sa na nemo maka waɗanda suka iya."

Jawabina ya gudu kaf. Na tsaya ina kallon matar nan da ta ja ni daga bakin kabari da yankan burodi, ina jin godiyar da ta fi ƙarfin bakina, ina kuma jin tausayinta har cikin ƙashi. Abin da kawai ya zo mini shi ne kalmar da ake koya wa kowane yaro a ƙasar nan ya faɗa kafin ya tashi daga tebur.

Na ce, "Na gode da abinci, Bodil."

Ta goge ido da bayan hannu, ta ba ni amsar da uwa ke bai wa ɗanta: "Ya zauna maka lafiya."